Kwanon kare mai tsayi ko mai rage gudu? Ku karanta kafin ku saya

Jama'a indai karenku irin wanda kafin ka gama ajiye kwano ya share komai ne, ba tauna ba komai sai haɗiya, ya koma gefe yana gyatsa ko ma ya dawo da abincin yadda ya shiga, toh tabbas wani ya taɓa ce muku ku sayi kwano mai ƙafafu, wanda ake ɗorawa kan ɗan teburi don kare ya ci ba tare da ya sunkuya ba. Ni shawarata ku dakata tukuna, don tsayin kwano da saurin ci matsaloli ne daban daban, masu sayarwa ne kawai suke haɗe su waje ɗaya saboda kaya su tafi.

Abin da ake tsoro a saurin ci ba aman ba ne, murɗewar tumbi ce, likitocin dabbobi suna kiranta GDV. Tumbin ya cika da iska ya kumbura sannan ya juya ya murɗe, ƙofar shiga da ta fita duk su toshe, jini ya daina zagayawa yadda ya kamata, kuma cikin awanni kaɗan kare zai iya mutuwa in ba a yi masa tiyata ba. Za ka ga yana ta kakarin amai amma ba abin da ke fitowa, miyau na dalala, ya kasa kwanciya ya kasa tsayuwa waje ɗaya, cikin ya yi tauri ta bayan haƙarƙari. In ka ga haka ba zancen bari mu gani zuwa safe, asibitin dabbobi kawai. Ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Great Dane, Saint Bernard, Weimaraner, Irish Setter da German Shepherd.

Shekaru da yawa ana cewa kwano mai tsayi yana hana wannan ciwon, har yau wasu kamfanoni na rubuta hakan a jikin kwali. Sai a shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Lawrence Glickman, suka fitar da sakamakon bibiyar manyan karnuka sama da 1,600, abin ya fito a juye. Sun ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na murɗewar tumbi a manyan karnuka, da kashi 52 cikin 100 a ƙatta irin su Great Dane, suna da alaƙa da ci a kwano mai tsayi. Sauran abubuwan da suka gano suna ƙara haɗarin su ne tsufa, da samun uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini da ya taɓa yi, da kuma saurin ci ɗin. Akwai masu cewa ai bincike ɗaya ne kuma alaƙa ya nuna ba dalili ba, na yarda, amma ni dai ba zan sa kuɗina in sayi abin da babban bincike ya nuna wa yatsa ba alhali ko sakan ɗaya ba ya rage wa kare gudu. Mai tsayi yana da masu shi: tsohon kare da amosanin gaɓɓai ko ciwon wuya ya hana sunkuyawa, da mai ciwon buɗewar maƙoshi da ake kira megaesophagus, shi ma yawanci kujerar Bailey ake sa shi ya ci a miƙe ya ɗan jima a haka bayan ya gama. In likita ne ya ce ka saya, saya. In talla ce ta ce, bar shi.

Wanda nake so, kuma ba na ɓoyewa, shi ne kwano mai rage gudu na silba marar tsatsa, sitenles, wanda ke zaune a ƙasa. Cikinsa ba shafe yake ba, an yi masa tudu tudu da kwaruruka, abinci ya faɗa tsakaninsu, dole kare ya bi da harshe yana zaƙulowa kaɗan kaɗan maimakon ya cika baki lokaci guda. Ka tsaya ka kalli kare ranar farko da aka ba shi, zai danna hanci da ƙarfi kamar yadda ya saba ya ji tudu ya tare shi, ya ɗago ya kalle ka, ya zagaya kwanon, sannan ya karkata kai ya fara laso ƙwaya biyu uku yana taunawa har kana jin ƙarar. Abincin da a da ba ya kai minti ɗaya sai ya ɗauki mintuna. Dalilin da ya sa na nace kan silba kuwa, ba ya taunuwa, ba ya karcewa ya riƙe datti, ba ya riƙe wari, ruwan zafi da sabulu sun ishe shi. Ka nemi wanda aka buga tudun daga jikin ƙarfen gaba ɗaya, ba wanda aka liƙa daga baya ba, don ruwa da maiƙo suna maƙalewa a ƙarƙashin liƙin. Ka duba akwai zoben roba a gindi da zai hana shi zamewa, in ba haka ba kare zai yi ta tura shi har bango, kuma in zoben yana cirewa ya fi don a wanke ƙarƙashinsa. Girma ma a kula, in abinci ya cika ya rufe tudun toh kwano ya koma kwano kawai, gara ka ɗauki wanda ya fi ma'aunin abincinsa girma. Masu gajeren hanci irin Pug da Bulldog a ba su mai gajeren tudu da faɗin kwari, mai zurfi zai wahalar da su har su haƙura da cin.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa, na roba irin Fun Feeder na Outward Hound sun fi na silba sarƙaƙiya don haka sun fi jinkirta kare, amma kare mai tauna zai gutsire tudun, kuma roba in ta karce tana tara ƙwayoyin cuta har ka ga ƙuraje a haɓar kare. Na tangaran nauyinsa ya yi amma faɗuwa ɗaya ce. Tabarmar sunsune mai tsummoki da ake ɓoye busasshen abinci a ciki wasa ce mai kyau, wankinta ne aiki. Kong, abin wasan kare na roba mai rami da ake cusa abinci a ciki, yana da amfani amma ba zai ɗauki cikakken abincin babban kare ba. Masu sa dutse ko ƙwallo a tsakiyar kwano, haƙori ya karye ko ya haɗiye, kar ku ce ba a faɗa ba. In ba halin saye yanzu, baza busasshen abincin kan faffaɗan tire, ka raba shi sau 2 ko 3 a rana maimakon sau ɗaya, kuma in karnukan biyu ne a raba musu waje, don wani saurin duk tsoron kar ɗayan ya ƙwace ne.

Yanzu jabu, nan ne abin ke ci min rai. An taɓa sayar min da kwano an rubuta sitenles ɓaro ɓaro a jiki, bai daɗe ba ɗigon tsatsa ja ya fito a cikin kwarin, daidai inda harshe ke bi, bakin kwanon kuma ba a naɗe shi ba, kaifi gare shi kamar murfin gwangwani, na shafa da yatsa sai da ya tsaga min fata, to ina ga dasashin kare. Na koma wa mai kayan ya ce wai ni ne ban iya wanki ba. Silban da ake so shi ne mai lamba 304, wasu suna rubuta 18/8, wato kashi 18 kuromiyam kashi 8 nikel. Mai araha shi ne 201, an rage nikel an cika da manganis, a ido iri ɗaya suke sak, sai ya haɗu da danshi da gishirin abinci ka ga bambanci. Kuma kar wani ya ruɗe ka da gwajin maganaɗisu, 304 da 201 duka ba sa kama maganaɗisu sosai, gwajin yana tona asirin ƙarfen da aka shafa wa ƙyalli ne ko wani nau'in mai rahusa, ba zai raba maka waɗannan biyun ba. Ka nemi lambar a buge a gindin kwano, ba a sitika ba, sitika kowa na iya bugawa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka matsa gefe da babban yatsa, in ya lotsa ya yi ƙara ajiye musu kayansu.

A intanet kuma abin ya fi muni, hoton kamfani na gaske suke ɗauka su turo maka wani abu daban. Na roba jabu da ka buɗe leda warin sinadari zai buge ka, bakin tudun da ragowar roba mai kaifi da ba a goge ba. Na tangaran marar suna mai fenti kala kala a ciki ina gudunsa, don akwai fentin da ke ɗauke da dalma, in ba a rubuta cewa an yi shi don abinci ba kar ka zuba wa dabba. Kong na jabu ma ya cika gari, robarsa tana ɓarewa gutsi gutsi kare ya haɗiye ta toshe hanji. Duk wanda ya rubuta maka wai kwanonsa yana hana murɗewar tumbi ɗari bisa ɗari maƙaryaci ne, ba kwanon da ke yin haka, abin da ke hana tumbi juyawa tiyata ce da ake ɗinke shi a jikin bangon ciki, gastropexy, kuma wannan maganar likita ce. Wajen karanta ra'ayin masu saye ka tsallake masu taurari biyar da aka rubuta ranar da kaya ya iso, ka nemo na waɗanda suka yi watanni suna amfani da shi suka sa hoton cikin kwanon, sannan ka tambayi mai sayarwa ko yana karɓar kaya in ya yi tsatsa, a rubuce, kafin ka tura kuɗi.