Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Tantance Masu Aika Imel Daga Wajen Ofis?

Idan ma'aikatanka suna aika imel suna kan hanya, ta waya ko ta kwamfutar tafi-da-gidanka, dole sabar ofis, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel ɗinku, ta san wanda ke ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ka bar ta a buɗe, masu watsa saƙonnin shara za su mayar da ita tasu, kafin ka ankara manyan kamfanonin imel sun daina karɓar wasiƙunka.

Mafi sauƙi shi ne ka yarda da wasu adiresoshin IP kaɗai, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet. Wannan ya dace da reshen da adireshinsa ba ya canjawa, amma na waya kullum cikin sauyawa yake.

Akwai tsohuwar dabarar POP-before-SMTP: mutum ya duba akwatinsa da kalmar sirri, sai sabar ta buɗe wa adireshinsa hanyar aikawa na ɗan lokaci. Duk mai sayar da hidimar imel da ya tallata maka wannan, ka ƙi. Kamfanonin waya sukan tara ɗimbin kwastomomi a bayan adireshi guda, don haka ƙofar da aka buɗe wa ma'aikacinka ta buɗe ga duk baƙon da ke kan layin tare da shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne SMTP AUTH, wanda aka tsara tun 1999, inda mai aikawa ke ba sabar sunansa da kalmar sirri kafin ta karɓi saƙonsa. Shi mutumin yake tantancewa, ba wurin da yake ba. Sai dai ka tambayi mai sayarwa: ta wace ƙofa, wato lambar mashigar sabar (port)? Ka nemi 587 tare da STARTTLS, umarnin da ke kunna TLS (tsarin ɓoye bayanai a kan hanya) bayan an fara hira da sabar, ko 465 inda TLS ke rufe hirar tun daga farko. Ba tare da wannan ba, kalmar sirri a fili take tafiya. Ƙofa ta 25 kuwa ta sabobi ce a tsakaninsu, masu ba da intanet da yawa ma sun toshe ta.

Wata hanyar ita ce VPN, ɓoyayyen layin da ke haɗa na'ura da ofis ta intanet. Yana da tsaro, amma jonewarsa a waya mai raunin sabis wahala ce.

In kana kan Gmail, tun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajojin waje a asusun ɗaiɗaikun mutane. OAuth 2.0 ake so, inda manhaja ke riƙe da shaidar izini da za ka iya sokewa ranar da waya ta ɓata. Tsohuwar na'urar sikanin ofis da ba ta san OAuth ba, sai ka yi mata kalmar sirrin manhaja mai haruffa 16, bayan ka kunna tantancewa mai mataki biyu.