Dashen Kwalba ko na Gonar Maƙwabci: Wanne Mai Lambu Zai Saya?

Kwanakin baya a kasuwar Kura wani matashi ya nuna min 'yan tsiron ayaba a cikin baƙar leda, tsaf-tsaf, duk tsayinsu ɗaya. Ya ce min, "Baba, wannan ai na kwalba ne, ba ya ɗauke da kowace irin cuta." Na tambaye shi takardar gwajin uwar da aka ciro su, sai ya ce shi ma sarowa ya yi. Ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ya maimaita. Amma maganar ta tsaya min a rai, domin manoma da yawa a yankin Kadawa da fadamar Hadeja sun fara jin labarin dashen kwalba, kuma an sa musu a kai cewa kwalbar ce ke wanke cuta.

Yadda ake yin sa shi ne a yanko ɗan tsokar tsiro daga uwa, a wanke shi da sinadari, a ɗora a kan wani abinci mai kama da kamu a cikin kwalba rufaffiya. Abincin da aka fi amfani da shi, Murashige da Skoog ne suka haɗa shi a 1962. Tsiro ɗaya sai ya zama goma, goma su zama ɗari, har dubbai. Da wannan dabara ce ake cika shagunan furanni na Turai da tsiron nan mai cafke ƙuda, wanda asalinsa fadamun Karolina ne a Amurka, ba sai an je daji an tumɓuko shi ba. Ita ce kuma ake yi wa ayaba, rogo, dankali da dabino.

To ga inda gizo ke saƙar. Wankin da ake yi na kashe abin da ke jikin fatar tsiro ne. Bairos kuwa, wato ƙwayar cuta 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani, a cikin jijiyarsa yake zaune. Idan fumfuna ta shiga kwalba, ma'aikaci zai gani da ido ya zubar. Bairos ba ya gurɓata abincin, ba ya wari, sau da yawa ma ɗan tsiron kore shar yake fitowa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: uwa mai ciwo ɗaya, sai ta ba ka 'ya'ya dubu masu ciwo iri ɗaya, a raba su ƙauye-ƙauye. Kuma babu maganin feshin da ke warkar da shukar da bairos ya kama, sai dai a tuge a ƙone.

Ana iya raba tsiro da bairos, amma aiki ne na daban. Ana ciro ƙwayar tohon can ƙoli, wadda ba ta kai rabin milimita ba, domin sau da yawa cutar ba ta riga ta isa wurin ba. Wasu masana biyu a Faransa, Morel da Martin, su suka nuna haka a kan furen daliya a 1952. Wani lokaci sai an fara ajiye uwar cikin ɗumi na makonni. Bayan duk wannan, dole a yi gwajin gano bairos a ɗakin gwaji, irin wanda ake kira ELISA ko PCR, a tabbatar, don ba kowane toho ke fita lafiya ba. Wannan gwajin shi ne abin da ya cancanci kuɗinka.

Bari mu ɗauki ayaba, don a nan zaɓin ya fi wuya. Ɗiban 'ya'ya daga gindin gonar maƙwabci ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: kana ganin uwar da idonka, ka ga nonon da ta yi, ka ga ganyenta. Matsalarsa tsutsar saiwa da ƙwaron gindi. Waɗannan suna da dabara: a feƙe gindin da wuƙa har ya yi fari, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30. Amma ruwan zafin nan ba ya taɓa bairos. Cutar da ta fi ban tsoro ita ce mai sa ganye ya ƙanƙance ya cunkushe a sama kamar tsintsiya, uwar ta tsumbure ta ƙi haihuwa. Wani nau'in darɓa ne ke yaɗa ta, an kuma same ta a jihar Ogun. Saboda haka 'ya'yan ayabar da aka loɗo daga Kudu a bayan mota, ba a san gonarsu ba, ni ko kyauta ba na so.

Dashen kwalba da aka gwada ya fi na gonar maƙwabci nesa ba kusa ba: ba tsutsa, ba ƙwaro, suna tashi tare su nuna kusan tare, wanda ke taimaka wa mai neman cika mota lokaci guda. Sai dai mai son agada ya san wani abu. Akwai bairos mai zana layi-layi rawaya a ganye, wanda ke kwance a cikin ƙwayar halittar agada kanta, ya zama gado. Wahalar renon kwalba na iya tayar da shi daga barci, ko da uwar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ɗakin gwajin kirki ba ya yawaita maimaita yanka daga kwalba zuwa kwalba, kuma yana sake dubawa kafin ya sayar. Ka tambaya.

Na ukun, wato na kwalba marar takarda, shi ne mafi muni a wurina. Ka biya kuɗin mai tsada, ba ka ga uwa ba, ba ka ga gwaji ba. Cinikin biri a sama kenan. Gara na maƙwabcin.

A rogo lissafin ya ɗan sauya. Ƙaramin manomi ba ya bukatar ɗan kwalba kai tsaye, sanda yake bukata, kuma hekta ɗaya na cin yanka kusan 10,000. Cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe tana bin sanda, farin ƙuda kuma yana kai ta daga gona zuwa gona. Ko ka dasa mai tsabta, ƙudan zai iya kawo maka ita daga gonar gefe. Don haka abin nema shi ne iri mai juriya, kamar TME 419, daga mai noman iri da hukumar iri ta ƙasa, NASC, ta duba gonarsa. Asalin irin waɗannan daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike suke fitowa, a can ake aikin kwalbar, kai kuma jikokinsu za su iso hannunka. In za ka ɗiba a wurin maƙwabci, je ka tun rogon yana da ganye, ka ɗaura ƙyalle a kan masu lafiya. Sandar da aka riga aka sare aka ɗaure ba ta gaya wa kowa komai.

Dankalin Hausa ma haka: yaɗon da aka yi ta juyawa shekara da shekaru yana tara bairos, saiwar ta riƙa ƙanƙancewa, manomi ya ɗora wa ƙasa laifi ya ƙara taki. Sabunta yaɗo lokaci-lokaci ya fi ƙarin buhu.

Dabino kuwa damuwarsa daban ce. Ƙwallo na ba ka kusan rabi maza, ɗan gindi na biyo uwa, na kwalba kuma wani lokaci yana fitar da bare wanda ba za ka gane ba sai bayan shekaru. Wanda ke kusa da Dutse ya leƙa reshen cibiyar binciken kwakwar manja da dabino, NIFOR, da ke can kafin ya kashe kuɗi.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Dattawanmu sun tuna 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa, wadda ita ma bairos ce da darɓa ke ɗauka, ta cinye gonaki a Arewa. Mun san abin da irin wannan cuta ke yi wa gida.

In ka yanke shawarar sayen na kwalba, tambayi sunan irin, da ɗakin da ya rene shi, da cututtukan da aka gwada da ranar gwajin. Kada ka karɓi wanda bai daɗe da fita daga kwalba ba. A cikinta ya saba da laima, iskar hunturunmu za ta busar da shi cikin kwana ɗaya. Nemi wanda ya yi makonni a leda ƙarƙashin rumfa, ya yi ganye huɗu ko biyar, saiwarsa ta kama ƙasa. Fara da kaɗan, a gefe guda nesa da tsofaffin ayabarka, ka sa ido wata biyu ko uku. Wuƙar da kake yanka da ita, riƙa tsoma ta a ruwan bilic tsakanin gindi da gindi. Duk wanda ka ga ya tsumbure ko ganyensa ya yi zane, kira malamin gona na hukumar KNARDA ta Kano ko JARDA ta Jigawa ya duba, kada ka raba wa kowa 'ya'yansa.