Yanke Sitaci Ko Rage Shi: Wanne Ya Fi Wa Mai Hawan Keke?

Mai hawan keke don motsa jiki da ke son rage ƙiba yana da hanya biyu. Ta farko, ya yanke sitaci zuwa ƙasa da giram 50 a rana, ya bar shinkafa da burodi, ya koma nama, ƙwai da mai. Nauyi kan sauka da sauri a makon farko, sai dai yawancinsa ruwa ne, don idan babu sitaci jiki kan ƙone sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta, kuma kowane giram na sukarin yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Tafiya a hankali ba ta gagara. A hawan tudu ne ƙafa ke mutuwa. Binciken Louise Burke, masaniyar abincin 'yan wasa, na 2017 a Ostireliya, kan 'yan gasar tafiya da sauri, ya nuna waɗanda suka yanke sitaci suka dogara da kitse sun fi buƙatar oksijin a sauri iri ɗaya.

Ta biyu, ya rage yawan abinci amma ya bar wa doguwar tafiya sitacinta, giram 30 zuwa 60 a awa, kamar ayaba biyu. Wannan na fi so. Nauyi zai yi jinkirin sauka, amma ba a turo keke gida. Mai shan maganin ciwon sukari kuwa, ya ga likita kafin ya gwada ta farko.