Tauraro biyu cikin biyar na ba su, shi ma albarkacin direbobin ne

Jama'a ni dai bari in faɗi nawa a kan masu kwashe dusar ƙanƙara na ƙaramin garin da muke zaune a gefen Buffalo, jihar New York, don har yau abin na ci min rai.

Guguwar da ta sauko ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022 ba wanda zai ɗora wa mutum laifinta, ikon Allah ne. Iska ce mai sanyi ta bi ta kan tafkin Erie da bai daskare ba, ta kwaso danshi ta zo ta juye mana shi a ka, kusan kwana biyu ko gidan da ke kallon naka ba ka gani. A filin jirgin sama an auna dusar ƙanƙara sama da inci 50, mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu. Allah ya kyauta. To a wannan lokacin ko ni ne oga ba zan tura direba waje ba, wannan na yarda.

Matsalata da su bayan abin ya lafa ne. Rana ta fito, iska ta kwanta, amma layinmu shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Kwana uku cur ba mu ga ko fitilar motarsu ba, muna jiyo ƙarar katafila can bakin babban titi tana kai da komowa kamar mu ba ma biyan haraji. Na san tsarin, manyan tituna da hanyar asibiti ake fara buɗewa sannan a shigo unguwa, ba ni da ja a nan. Amma a gaya wa mutum mana, yau ne, gobe ne, jibi ne? Na buga lambarsu ya fi sau goma, wata murya ce ta na'ura kawai take ce min in ci gaba da jira, ita ma har ta gaji ta katse. Madarar yarinya ta ƙare, maƙwabciyarmu tsohuwa ce mai ciwon suga ita kaɗai a gida, haka muka fito mu huɗu da shebur muka yi ta haƙa hanya kamar masu tonon rijiya, bayana sai da ya yi sati yana ciwo. Hajiya ta kira daga gida tana cewa ai sai ku zuba ruwan zafi ya narke, na ce Hajiya wallahi kafin ki ajiye bokitin ya zama gilashi.

Da suka zo ɗin ma mota ɗaya ce mai faranti a gaba, ta tura ta tura ta kasa, don ƙanƙara in ta kai ƙirjin mutum ba turawa take so ba, sai an kawo mai ɗiba an loda a tifa an fitar da ita. Ga motocin da mutane suka gudu suka bari a tsakiyar hanya sun binne, dole sai an janye su tukun. Abin haushi wata guda kafin nan, a Nuwamba, an yi wata guguwar da ta zubar da wajen inci 80 a garuruwan Orchard Park da Hamburg da ke nan kusa da Buffalo, wato ba baƙon abu ba ne, amma ko hayar isassun tifofi ba su tanada ba. Wucewar da motar ta yi kuma ta tattaro duk abin da ke titi ta jibge min a bakin gareji, wurin da na kwana biyu ina sharewa, ya daskare kamar kankare. Gishirin da suka watsa ma asara ce, in sanyi ya yi ƙasa sosai ba ya narkar da komai.

Direbobin kam ba ni da abin cewa, wanda ya zo mana idonsa jajur, ya ce rabonsa da gida tun Asabar, matata ta miƙa masa shayi a kofi ya shanye a tsaye ya koma. Tauraro biyun nasu ne. Na ofis ba su da ko ɗaya, kuma su ne za su aiko maka da takardar tara in ba ka share gaban gidanka da wuri ba.