k3s bisa sabobin kilawud: ɗorawa ba wuya, sa ido ne aikin

Ga masu tambayata ko k3s ya cancanci wahala ga ƙaramin kamfani irin namu nan Yamai, amsata i ce, amma da sharaɗi. Mu uku ne a biro, muna da manhajar lissafin kaya da wasu masu shaguna na Babbar Kasuwa ke aiki da ita, kuma da can komai bisa saba guda yake, wato ordinatar da ke riƙe manhaja a intanet, in ta faɗi sai waya ta yi ta ƙara har cikin dare.

k3s ɗin nan Kubernetes ne da anka rage mishi nauyi. Shi Kubernetes Google ne sunka fito da shi a 2014, k3s kuma Rancher ne sunka yi shi a 2019, fayil guda ne wanda bai kai mega 100 ba. Aikinshi shi raba kwantenoni, wato manhajojin da anka ƙunshe da duk kayan aikinsu, bisa sabobi, in guda ta mutu shi tada kayan bisa wata ba sai ka tashi daga barci ba.

Munka yi hayar saba uku a Turai, don wuraren manyan kamfanonin kilawud, masu ba da hayar saba ta intanet, a Afirka suna can Afirka ta Kudu ne, AWS na Cape Town tun 2020, Google na Johannesburg tun 2024, kuma daga nan wajenmu rezo ya fi miƙewa Faransa. Biyan da yuro ne, sa'armu dai yuro guda wajen sefa 656 ne kullum, ba ya hawa ba ya sauka, sai dai ka yi fama da katin banki ranar biya.

Ɗorawar kam wallahi ba komai. Layi guda kake bugawa, kafin Sani shi gama zuba shayi na fari saba ta farko ta tashi, sai ka ɗauko token, wato kalmar sirrin shiga, ka ba sauran biyun su shigo. Abin lura biyu ne, ka buɗe ƙofa 6443 da 8472 tsakanin sabobin kawai ba ga duniya duka ba, sannan in kana son etcd, wato rumbun da sabobin ke aje bayanansu tare, to saba uku za ka sa ko biyar, biyu ba ta da amfani don in guda ta faɗi ba rinjaye, kilastan, wato haɗakar sabobin, sai shi tsaya cak. Traefik mai kai maziyarta ga manhaja da CoreDNS mai fassara sunaye zuwa adireshi na zuwa a ciki, ba ka nemansu.

To inda maganar take shi ne sa ido. Mutane na ganin kubectl, abin ba kilasta umarni, ya nuna musu Ready sau uku sai su ce an gama, ina! Mun sa Prometheus mai tattara awon lafiyar sabobi da Grafana mai nuna shi bisa allo, ta hanyar Helm, abin ɗora manhajoji cikin kilasta, allon Grafana na da kyau ƙwarai, patoro in ya gifta sai shi tsaya shina kallon layukan nan kore da ja kamar ya san mi suke cewa. Amma Prometheus na da ci. Saba mai giga 2 na RAM ba ta ɗaukarshi tare da manhajarka, ka nemi giga 4 ko fiye, kuma ka rage kwanakin da yake ajiye bayanai, don in ka bar shi yadda ya zo kwana 15 yake riƙewa, diski na cikewa a hankali ba ka sani ba. Mu sati guda ya ishe mu.

Sanarwa kuma mun haɗa Alertmanager, mai tura gargaɗin Prometheus, da Telegram, tana shigowa waya kai tsaye, wanga ya fi mini imel nesa don in an ɗauke wuta ordinatar na mutuwa amma waya na hannu. Sai dai ka zauna ka tace su. Yadda sunka zo suna da yawa, ko fod guda, wato ƙunshin kwantena, ya sake tashi sai saƙo, ranar farko kana karantawa, bayan sati ka daina dubawa, ranar da ta gaske ta zo ta wuce ka. Na bar huɗu kawai masu tada ni da dare: saba ta ɓace, diski ya wuce kashi 85, satifiket na tsaron shafi ya kusa ƙarewa, shafin bai amsawa.

Ga abin da nike son kowa shi ji. In Prometheus na cikin kilastan da yake gadi, ranar da kilastan duka ya faɗi shi ma ya tafi, ba mai gaya maka, kamar mai gadin da anka kulle cikin shagon da yake tsaro. Don haka munka ƙara wata ƙaramar saba a wani kamfani dabam, mun sa mata wata manhajar gadi mai suna Uptime Kuma, tana taɓa shafinmu duk minti guda. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kwafin etcd k3s na ɗaukarshi da kanshi duk awa 12, amma bisa sabar yake aje shi, kai ne za ka ce mishi shi tura waje zuwa S3, wato ma'ajiyar fayiloli ta kilawud. Kuma Kubernetes na fitar da sabon zubi sau uku a shekara, kowane ana kula da shi wajen wata 14, ke nan sabuntawa na jiranka ko ka so ko ka ƙi.

In manhaja guda gare ka da mutum hamsin masu shiga, Docker Compose, hanya mai sauƙi ta tada kwantenoni bisa saba guda, ya ishe ka, kar ka ɗauko wanga kaya. In kuwa kana da abubuwa biyar shida da ba ka son su tsaya, kuma akwai wani cikinku da ya yarda wayarshi ta kwana a kunne, to bismilla, k3s na yi.