Tallafin karatun gaba da sakandare a Amurka ga ɗan riƙon gwamnati: wanne zai kai ka ƙarshe?

A Amurka, yaron da kotu ta karɓe daga hannun iyayensa ta damƙa wa hukumar kula da yara yana da kuɗin karatu da aka ware masa idan ya gama sakandare. Sai dai ba a taska ɗaya suke ba. Wani na gwamnatin tarayya ne, wani na jiha, wani na makarantar da ya shiga, kuma kowanne da irin sharaɗinsa. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin makaranta ba shi ne ya fi kayar da waɗannan matasa ba. Wurin kwana da abinci su ne ke kayar da su. Don haka duk tallafin da za mu auna a nan, da wannan mudun za mu auna shi: bayan an biya makaranta, me ya rage na zama?

Da farko a san wa ake magana a kansa. Mutanenmu da ke Bronx ko Shikago sun saba da riƙo irin na gida, a turo yaro wurin kawunsa ko gwaggonsa ya tashi a can. Wannan ba ya cikin lissafi, komai daɗewarsa, matuƙar ba hukuma ce ta ajiye yaron da umarnin alƙali ba. Amma idan hukuma ce ta ajiye shi, ko da a gidan kakarsa ne, to ya shiga sahu.

Sannan akwai shekaru huɗu da ke yanke hukunci: 13, 14, 16 da 18. Wanda ya taɓa zama a riƙon gwamnati bayan ya cika 13, fom ɗin neman tallafin tarayya, wato FAFSA, yana ɗaukarsa a matsayin mai cin gashin kansa, ba za a tambayi kuɗin shigar iyaye ko na mariƙa ba. Daga 14 ne dokar tarayya ke buɗe ƙofar shirin Chafee, mai taimaka wa 'yan riƙo su tsaya da ƙafarsu, ko da yake wasu jihohi sun ƙara tsaurara nasu sharaɗin. Wanda aka fitar daga riƙo saboda wani gida ya ɗauke shi a matsayin ɗa a hukumance, ko ɗan uwa ya karɓi waliccinsa a kotu, sai idan hakan ya faru bayan ya cika 16 ne zai samu takardar tallafin ETV, wato kuɗin karatu da horo na 'yan riƙo. Wanda kuma ya cika 18 yana riƙo kuma yana kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, to za ta bi shi har shekara 26.

Wannan batu na 16 ya shafi iyalan Musulmi sosai, tunda da yawansu sun fi son walicci a kan mayar da yaro ɗa, don kada a taɓa nasabarsa. Ba ina cewa a jinkirta ba wa yaro tabbataccen gida saboda kuɗi ba. Amma idan watanni uku suka rage ya cika 16, a zauna da lauyan yaron a yi lissafi kafin a sa hannu.

Pell da ETV, kuɗin da ke bin ɗalibi

Pell shi ne tushe. Kyauta ce daga gwamnatin tarayya, ba a biya, kuma mafi yawansa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne. Matashin da ya fito daga riƙo, tunda kuɗin shigarsa kaɗai ake dubawa, yawanci cikakken yake samu. FAFSA kyauta ake cike shi a shafin gwamnati, duk wanda ya ce a biya shi kafin ya cike maka, ka yi gaba abinka. Amma Pell yana da ma'auni: zangon karatu 12 na cikakken ɗalibi, kimanin shekara shida, a duk tsawon rayuwa. Zangon da ka shiga ka watsar ya ci nasa kason, ba ya dawowa.

ETV kuwa reshe ne na dokar Chafee ta 1999, wadda aka sa wa sunan Sanata John Chafee na jihar Rhode Island. An ƙara shi a gyaran dokar 2001, kuma iyakarsa dala 5,000 a shekara. Tun daga lokacin bai motsa ba, in ban da lokacin annobar korona da aka ɗaga shi na ɗan lokaci zuwa dala 12,000. Dokar 2018 ta ba da damar ci gaba da karɓarsa har shekara 26, muddin jimillar shekarun karɓa ba ta wuce biyar ba. A lura da kalmar iyaka. Kowace jiha kasonta take rabawa, saboda haka wanda ya makara yana iya samun ƙasa da haka, ko ya tarar an rufe.

Daɗin ETV shi ne sassauci. Ana biyan haya da shi, da littattafai, da kwamfuta, da kuɗin mota, har da renon jariri ga wadda take da ɗa. Yana kuma aiki a makarantar koyon sana'a da aka amince da ita, ba sai jami'a ba. A ganina kada a bari ya narke a kuɗin makaranta idan akwai wata hanyar biyan wannan. A tanade shi don zama.

Yafewar jiha, inda bambancin yake

Jihohi da yawa suna yafe wa 'yan riƙonsu kuɗin makaranta, amma yafewar suna ta tara. Tambayar da za a yi wa ofishin tallafin ɗalibai guda ɗaya ce: yafewar tana shiga kafin Pell ne ko bayansa?

A ce kuɗin makaranta dala 7,000 ne a shekara, kuma ɗalibi ya samu cikakken Pell. Idan yafewar ce ke fara shiga, an share 7,000 ɗin, Pell ɗinsa gaba ɗaya ya koma kan ɗaki da abinci. Idan kuwa ita ce ta ƙarshe, Pell zai fara cinye 7,000, yafewar ba ta da abin da za ta biya, ɗalibi ya tashi da dala 395 na shekara guda. A takarda duka biyun "karatu kyauta" ne. A aljihu kuwa tazarar dala dubu bakwai ce.

Teksas da Filorida irin ta farko suke yi: ana cire kuɗin makaranta daga lissafi a kwalejoji da jami'o'in gwamnatin jihar. Filorida tana ba da dama har shekara 28. Teksas tana da shekarun da dole ka yi rajista kafin ka kai su, in ba haka ba ka rasa, don haka ko darasi ɗaya ne a shiga da wuri a buɗe fayil. Fensilbeniya, wadda shirinta ya fara aiki a 2020, irin ta biyu take yi, sai an zuba duk sauran kyaututtuka ta cike gurbin da ya rage. Amma tana da abin da waɗancan ba su da shi: har makarantu masu zaman kansu na jihar dokar ta hau. Ga ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a mai tsada a Filadelfiya ko Pittsburgh, wannan babban abu ne, don a can gurbin da ke ragewa bayan Pell mai faɗi ne. Ga wanda zai shiga kwalejin al'umma mai araha kuwa, ƙila ba zai ga amfaninta ba sam.

Minesota ce ta fi burge ni a tsari. Tallafinta da ya fara a 2022 yana duba dukkan kuɗin zama ɗalibi ne, har da ɗaki da abinci, ya cike abin da sauran tallafi suka bari. Niyok ba ta da yafewa irin ta Teksas, tana zuba kuɗi ne ta shirin tallafa wa 'yan riƙo da ta kafa a 2015, a kan TAP, tallafin kuɗin makaranta na jihar. Birnin Niyok kuma ya ƙara nasa a 2022, College Choice, wanda ke biyan ragowar kuɗin makaranta da wurin kwana ya kuma ba da kuɗin kashewa na kullum, amma na matasan da ke hannun hukumar yara ta birnin ne. Kalifoniya tana yafe kuɗin rajista a kwalejojin al'umma ga marasa ƙarfi, tana da nata tallafin Chafee, ga kuma Cal Grant, tallafin karatu na jihar.

Yawancin waɗannan, musamman yafewar kuɗin makaranta, ba sa tsallaka iyakar jiha. Ɗan riƙon Teksas da ya tafi karatu Ohayo zai tafi da Pell ɗinsa, zai iya tafiya da ETV, amma yafewar ta tsaya a gida, kuma can za a caje shi kuɗin baƙo, wanda sau da yawa ya ninka na ɗan jiha. Sai dai in makarantar can ta rubuta a takarda cewa za ta cike wannan rami.

Wurin kwana

Yawancin jami'o'i suna rufe ɗakunan kwanan ɗalibai a hutun hunturu na Disamba da kuma dogon hutun bazara. Sauran yara su tafi gida. Wanda ya fito daga riƙo ina zai nufa? Daga nan ne ake fara kwana a kujerar aboki, daga nan a ƙara awannin aiki don tara kuɗin haya, maki ya faɗi, tallafi ya tsaya. Saboda haka kafin a tambayi ko makaranta ta yi suna, a tambayi ko tana barin 'yan riƙo a ɗaki duk shekara, kuma wa ke biyan kwanakin hutu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wasu makarantu sun daɗe da gane haka. Jami'ar jihar Kalifoniya da ke Fullerton ta kafa Guardian Scholars a 1998, Jami'ar Yammacin Mishigan da ke Kalamazoo ta kafa Seita Scholars a 2008, kwalejojin al'umma na Kalifoniya kuma suna da NextUp. Abin da irin waɗannan shirye-shirye ke bayarwa ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai mutum takamaimai da ya san sunanka, wanda za ka kira idan an riƙe maka rajista ko kuɗinka ya makale. Da a ba ni zaɓi tsakanin makaranta mai irin wannan ofishi da wata da ta fi ta da dala dubu ɗaya ko biyu amma ba ta da shi, ta farkon zan ɗauka.

Kwalejin al'umma ta shekara biyu ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma Pell kan bar rara a can. Illarta ita ce mafi yawansu ba su da ɗakin kwana. Tana dacewa da wanda ke da tabbataccen wurin zama. Nan ne batun tsawaita riƙo ya shigo. Dokar tarayya ta 2008 ta ba jihohi damar riƙe matashi har shekara 21 idan yana karatu, ko yana aikin awa 80 a wata, ko yana da lalura, kuma jihohi da yawa sun karɓa. Na san mai shekara 18 da ya gaji da jami'an hukuma da zaman kotu ba abin da yake so kamar ya sa hannu ya fita. A yi haƙuri a duba abin da ake ajiyewa: kuɗin zama na wata-wata na shekara uku. A jihohi irin su Kalifoniya ana iya karɓarsa kana zaune a ɗakin makaranta ko ɗakin haya naka, ba sai a gidan mariƙi ba. Wanda ya riga ya fita ya tambaya ko jiharsa tana barin a dawo. Akwai kuma takardar biyan haya ta ma'aikatar gidaje ta tarayya, FYI, da aka fara a 2019 don 'yan shekara 18 zuwa 24, mai ɗaukar wata 36, ta hannun hukumar yara ake nemanta.

Abin da ke yanke tallafi a tsakiyar hanya shi ne maki. Makarantu kan nemi matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 da kuma cin kimanin kashi biyu cikin uku na darussan da aka yi wa rajista. Kuma wanda ya janye kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zango, makaranta za ta mayar wa gwamnati wani ɓangare na kuɗin, ta juyo ta bi shi bashi. Gara a ɗauki darussa kaɗan a zangon farko a ci su. Idan an riga an faɗi, akwai ɗaukaka ƙara a ofishin tallafi, kuma rasa wurin kwana ko rashin lafiya hujja ce da ake saurara.

Rance kuwa shi ne na ƙarshe. Ɗalibi mai cin gashin kansa ana iya ba shi har dala 9,500 a shekarar farko, kuma sau da yawa takardar tayin makaranta tana jera shi tare da kyaututtuka kamar duk ɗaya ne. A ware shi gefe kafin a kwatanta tayi biyu. Akwai ruwa a kansa, ga wanda wannan ya dama a addinance, kuma ba dole ba ne a karɓa. A yi hattara da makarantun 'yan kasuwa masu yawan kiran waya. Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech a 2016, ɗalibai da yawa suka tashi ba shaida a hannu.

Ga matashin da ya shigo Amurka shi kaɗai daga Nijar, Najeriya ko Gana ya faɗa hannun hukuma, Pell sai ɗan ƙasa ko wanda ke da matsayin da doka ta amince, kamar mai katin zama na dindindin ko ɗan gudun hijira. Wanda ke jiran katin ta hanyar matsayin da ake ba yaran da aka yasar bai kai ga Pell ba tukuna, amma Niyok da Kalifoniya suna da fom na daban na neman tallafin jiha. Shi kansa wannan matsayin dole a nema kafin a cika 21, kuma sai da umarnin kotun jiha, don haka a matsa wa lauya tun fayil yana buɗe.

Duk ofishin da ka shiga zai nemi shaidar cewa ka yi zaman riƙo da kwanakin da ka yi. Doka ta wajabta wa hukuma ta ba wanda ke fita saboda cikar shekaru wannan takarda, tare da takardar haihuwa, katin Social Security, bayanan asibiti da katin shaida. A karɓe su kafin a rufe fayil, a ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel, don bayan shekara biyu jami'ar da ta san ka ƙila ta bar aikin, neman takardar kuma ya ci makonni alhali wa'adin ETV yana ƙarewa.