Ritalin da modafinil: ina suka haɗu, ina suka rabu

Hajiya, kin ce ɗanki na shan Ritalin saboda larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, ƙanwarki kuma an ɗora ta a kan modafinil don nakolefsi, barcin nan da ke sace mutum da rana tsaka ko yana cikin magana. Kina tambaya ko magungunan biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai. A'a.

Inda suka haɗu kaɗan ne: dukansu suna sa sinadarin dofamin ya daɗe yana aiki a ƙwaƙwalwa, sai ido ya bushe.

Ritalin ne babba a shekaru. A Suwizalan aka haɗa shi a 1944, mai haɗawar ya raɗa masa sunan matarsa, Rita. Yana kama jiki da wuri, ya kuma saki da wuri, awa 3 zuwa 4. Shi ya sa yaron da ya sha da karin kumallo, kafin azahar ya koma tashi-zauna. Akwai samfurinsa mai dogon zango, Concerta, da ke kai awa 12. Babban aibinsa kashe yunwa. Ki lura da kwanon abincin makarantarsa, in yana dawowa ko buɗe shi ba a yi ba, ki gaya wa likita, don dama aikinsa ne ya riƙa auna nauyin yaron da tsawonsa da bugun jininsa.

Modafinil daga Faransa ya fito, Amurka ta amince da shi a 1998. Sau da yawa miligiram 200 ne da safe, ya wuni da mutum. In ƙanwarki ta makara ta sha da yamma, ranar sai dai ta raya dare. Haɗarin jarabtuwa da shi bai kai na Ritalin ba, amma kar wannan ya ruɗe ki: Ritalin ana ba da shi don larurorin biyu, shi kuwa a 2006 Amurka ta ƙi yarda a ba yara masu ADHD, saboda tsoron wani mugun ƙurji mai saɓule fata.

Abin da na fi so ki isar wa ƙanwarki shi ne, modafinil na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu, kuma ba a son a sha shi da juna biyu. In tana da aure, ta tayar da maganar a gaban likitanta, ko da shi bai tambaya ba.

Af, kuma larurarta ba ciwon barcin ƙudan tsando ba ce. Yawanci ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, oreksin, mai riƙe mutum a farke.